Bayan An Tashi Daga Zaman Makoki, Wa Zai Riƙe Yaran?



     

An ce in yi magana a kan taimakon yara da iyalai masu ƙaramin ƙarfi, da kuma tsaya musu a gaban masu iko. Fagen yana da faɗi, lokaci kuma kaɗan ne, don haka zan tsaya a kan abubuwa biyar. Bari in faɗi inda na dosa tun yanzu, kada a gaji da jira. Mu mutane ne masu kyauta, wannan babu mai ja. Sai dai kyautar tamu kamar ruwan bazara take, ta zubo da ƙarfi a watan azumi da jajibirin salla, sannan ta ɗauke. Shi kuwa yaro kullum sai ya ci, kuma shekaru yake ɗauka kafin ya tsaya da ƙafarsa. Abin da ya fi buƙata daga gare mu shi ne taimakon da ba ya yankewa, da bakin da zai yi magana dominsa a inda muryarsa ba ta kaiwa.

Na farko: gidan da yaron yake ciki.

Dukanmu mun san yadda abin yake tafiya, don ba a wata ƙasa yake faruwa ba. Maigida ya rasu. Ranar farko gida ya cika, tabarmi har bakin titi, kwanukan abinci suna shigowa daga maƙwabta, wani ya aiko da buhun shinkafa. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, wasu har ta arba'in. Matar ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Kafin ta fita buhun ya ƙare, mai gidan haya ya fara aike, makaranta ta koro yara a kan kuɗin zango. Sai dangi su zauna a zaure su yi abin da suke gani shi ne mafita: a raba yaran. Baffa ya ɗauki ɗaya, gwaggo ta ɗauki ɗaya. Namijin mai shekara bakwai a haɗa shi da wani malami zuwa garin da bai taɓa ji ba, da allo da ɗan kwanon roba. Macen a ɗora mata farantin talla, ko a kai ta birni aikatau. Gonar marigayi kuwa, wani daga cikin 'yan'uwa ya ce zai riƙe musu har su girma. Allah ya gafarta malamai, ku kuka san sau nawa ake zuwa muku da ƙarar irin wannan riƙo.

Jama'a, yaron da kuke gani a tasha yana jiran sauran abincin fasinja, da yarinyar da ke wanke-wanke a gidan da ba nasu ba, sau da yawa daga irin wannan zauren suka fito. Da yawansu uwarsu tana nan da ranta, kuma ba don ta ƙi su ta sake su ba. Abin da za ta ba su ne babu. To idan haka ne, me ya sa idan muka tashi taimako tunaninmu yake fara tafiya kan gina gidan marayu, da fenti da allon suna a bakin ƙofa? Gidan marayu yana da ranarsa, ga jaririn da aka tsinta, ga yaron da aka rasa danginsa. Amma yaron da ke da uwa, hanya mafi sauƙi kuma mafi albarka ita ce a ƙarfafa uwar ta riƙe abinta. A biya mata haya ta shekara. A ba ta keken ɗinki ko injin markaɗe ko jarin ƙuli-ƙuli, sannan a dawo bayan wata uku a ga yadda ake ciki, domin jarin da aka ba mai yunwa ba tare da abinci a gida ba, cikin tukunya yake ƙarewa.

Akwai wanda ya gane wannan tun da wuri, kuma ya cancanci a ambace shi. Barista Zannah Mustapha ya buɗe makarantar Future Prowess a Maiduguri a 2007 da yara 36. Da rikicin Boko Haram ya ɓarke, sai ya yi abin da mutane da yawa suka ji tsoron yi: ya karɓi 'ya'yan jami'an tsaro da fararen hular da aka kashe, ya karɓi 'ya'yan mayaƙan da suka mutu, ya zaunar da su a aji ɗaya, karatu kyauta, abinci kyauta, kayan makaranta kyauta. Bai tsaya a kan yaran ba, ya haɗa iyayensu mata a ƙungiya ana koya musu sana'a. Amanar da ɓangarorin biyu suka ba shi ta sa ya shiga cikin masu shiga tsakani da aka sako 'yan matan Chibok 21 a watan Oktoban 2016, da wasu 82 a watan Mayun 2017. A 2017 ɗin Hukumar Kula da 'Yan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta Nansen. Ku lura, shekara goma ya yi yana buɗe ƙofar makarantar nan kowace safiya kafin duniya ta waiwaye shi.

Kada kuma mu manta da gidajen da maigida yana raye amma an raba shi da gonarsa. Mutanen Batsari da Jibiya da Zurmi da Sabon Birni da 'yan bindiga suka kora, wasu suna kangaye a cikin garuruwanmu, wasu tun 2019 suka tsallaka jihar Maraɗi. Mutumin da a da yake fitar da zakkar dami, yau matarsa ce take bin gidaje neman dusa. Irin wannan mutum ba zai miƙo hannu ba, kunya ba za ta bar shi ba. Sai an neme shi.

Na biyu: tamowa.

A nan zan ɗan daɗe, don a nan ne rai yake salwanta. Wanda bai taɓa shiga wurin awon yara masu tamowa ba, ina roƙonsa ya je ya gani da idonsa. Ma'aikaciyar lafiya tana da wani ɗan ma'auni na roba mai launi uku, kore da rawaya da ja. Takan naɗa shi a damtsen yaro, daga ɗan wata shida zuwa ɗan shekara biyar. Idan kaurin damtsen bai kai santimita 11.5 ba, ma'aunin ya faɗa kan ja, yaron yana cikin haɗari. Ku haɗa babban yatsanku da manuniya ku yi zobe. Damtsen da zai shige cikin wannan zoben, shi ake nufi, kuma wani lokaci na ɗan shekara uku ne. Wani yaron kuma ba rama za ka gani ba, kumburi ne. A danna bayan ƙafarsa da yatsa a ɗauke, gurbin ya zauna bai taso ba. Gashi ya yi ja ya yi laushi, yaro ba kuka ba dariya, kallo kawai. A gida sai a ce ya sha ciki, ko a ce iska ce, ko a fara zargin wata tsohuwa a unguwa, a yi ta jiƙe-jiƙe da turare har lokaci ya ƙure.

Abin da ke ci mini rai shi ne maganin nan sananne ne, kuma ba shi da wuyar sha'ani. Ɗan ƙunshi ne mai nauyin giram 92, haɗin gyaɗa da madarar gari da sukari da mai da sinadaran gina jiki. Ba ya buƙatar ruwa, ba ya buƙatar wuta, uwa ta yaga ta ba ɗanta a gida. Katan ɗaya mai ƙunshi 150 yakan isa a ceto yaro ɗaya cikin mako shida zuwa takwas. A Faransa aka ƙirƙiro shi a 1996, amma inda ya nuna wa duniya amfaninsa a ƙasar Hausa ne, lokacin yunwar 2005 a Nijar, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani, akasarinsu a jihar Maraɗi, mafi yawa kuma suna gidajen iyayensu. Gyaɗa fa, jama'a. Abin da kakanninmu suka tara dala-dala a Kano.

Duk da haka, MSF ta bayar da sanarwa cewa a wata shida na farkon 2025, yara 652 ne suka mutu a cibiyoyinta na jihar Katsina kaɗai. Waɗannan su ne waɗanda aka iya kaiwa. Na ƙauyen da hanyarsa ba ta biyuwa saboda 'yan bindiga, da wanda uwarsa ba ta da kuɗin mota, ba su shiga lissafi ba.

Na sha jin mutane suna zagin iyaye mata cewa suna raba abincin tamowa ga sauran yara, ko suna sayar da shi a kasuwa. Ana yi, kuma kuskure ne, don magani ne da aka auna wa yaro ɗaya. Amma ku tsaya a matsayinta. Yara huɗu sun kewaye ta, tun jiya ba a ɗora tukunya ba, ta yaga ƙunshi ɗaya ta ba ƙaramin, sauran suna kallo. Wace uwa ce za ta iya? Shi ya sa na fara da maganar gida. Idan ba a sa hatsi a gidan ba, yaron zai warke a sallame shi, bayan wata biyu a sake ganinsa a layin awo. Ƙungiyar taimako ta unguwa ba sai ta zama asibiti ba. Za ta iya koya wa mata biyu a kowace unguwa yin awon damtse, ta tanadi kuɗin motar kai yaro asibiti, ta koyar da haɗa garin kunu na gero da waken suya da gyaɗa, ta kuma ci gaba da nanata wa masu jego muhimmancin nono zalla har wata shida.

Na uku: ina kuɗin za su fito?

Shekaru da yawa wasu ne suke ɗauke mana wannan nauyi daga nesa. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa a ƙasashen waje, daga baya ta rufe hukumar USAID. Cikin watan Yulin shekarar, Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin cewa za ta dakatar da ciyar da mutum miliyan 1.3 a arewa maso gabas saboda rashin kuɗi. Ba na zagin wanda ya janye hannunsa, dukiyarsa ce. Tambayar tamu ce: ɗan Katsina ko ɗan Borno, sai an yi zaɓe a wata nahiya sannan a san ko zai rayu?

Muna da zakka. Ɗaya bisa arba'in na dukiyar da ta kai nisabi ta shekara, dami ɗaya cikin goma na noman damina, ɗaya cikin ashirin na noman rani da aka sha wahalar ban ruwa. Muna da hukumomin zakka a Zamfara da Sakkwato da Kano, da kwamitocin masarautu irin na Dutse da ke tara hatsi. Matsalar tana wajen yadda masu hali da yawa suke fitarwa. A tara mata dubu a ƙofar gida cikin rana, a miƙa wa kowace abin da ba zai kai ta jibi ba. A azumin 2024 an rasa rayukan mata da 'yan mata a Bauci a turmutsutsin rabon irin wannan kuɗi. A watan Disambar shekarar yara 35 suka mutu a Ibadan wajen wani rabon kyauta. Masu rabon alheri suka nufa, amma alherin da ba tsari yana iya kashe wanda aka so a taimaka. Malamanmu na Malikiyya sun halatta a ba talaka abin da zai ishe shi shekara guda. Ashe kuɗin da aka watsa wa mutum dubu, da an zaɓi gida ashirin an tsayar da su, da baɗi wasunsu ba za su dawo layi ba.

Sai waƙafi, wanda muka yi sakaci da shi ƙwarai. Sayyadina Umar ya tsayar da gonarsa ta Khaibar, ba a sayarwa ba a gado, amfaninta na mabuƙata. Sayyadina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar wa jama'a. Mu kuwa mai kuɗinmu idan zai yi waƙafi, masallaci ne kawai yake zuwa masa a rai, ko da akwai wani a bayan katangarsa. Gina masallaci lada ne babba. Amma shago biyar a kasuwa da kuɗin hayarsu zai riƙa biyan kuɗin makarantar marayun unguwa, shi ma waƙafi ne, kuma shi ne irin taimakon da ba ya jiran watan azumi.

Na huɗu: magana a gaban masu iko.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar a 2022 cewa 'yan Najeriya miliyan 133 suna cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kusan kashi biyu cikin uku nasu a Arewa suke. Babu ƙungiyar da za ta ciyar da wannan adadi, ko da duk attajiranmu sun haɗa hannu. Akwai aikin da sai hukuma, kuma hukuma ba ta cika motsawa ba sai an motsa ta. Wasu suna ganin wannan siyasa ce, mai neman lada ya ba da sadakarsa ya yi shiru. Ku koma Suratul Ma'un. Bayan wanda yake tunkuɗe maraya, wanda aka zarga na gaba shi ne wanda ba ya kwaɗaitar da mutane su ciyar da miskini. Kenan bayan bayarwa akwai wani nauyin, na sa wasu su bayar.

Ga misali daga Zamfara. A 2010 aka gano yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma. Mutane suna kawo dutsen zinare gida suna dakawa suna niƙawa, ƙurar ta bi ƙasar tsakar gida inda yara suke rarrafe suna kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka mutu. Aka kwashe gurɓatacciyar ƙasa a ƙauyuka bakwai, aka yi wa yaransu magani. Saura Bagega, wadda ta fi su girma, inda yara wajen 1,500 suke jira. Likitoci suna nan, magani yana nan, amma ba za a fara ba sai an share garin, don yaron da aka wanke wa jini ya koma cikin ƙurar nan, aikin banza aka yi. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin kuɗin, wata ya bi wata ba a sake su ba. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka fara gangamin ceto Bagega a 2012, tare da MSF da masu kare haƙƙin ɗan Adam. Suka je garin, suka ɗauko bayanai, suka bi 'yan majalisa da 'yan jarida, suka cika intanet da sunan Bagega. A watan Janairun 2013 aka saki kuɗin, aka share garin, aka fara magani a shekarar. Wace sadaka ce za ta yi wa yaran Bagega abin da wannan naci ya yi musu?

Abubuwan da za mu yi naci a kansu suna nan a rubuce, ba sai mun ƙirƙiro ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya dominsa, amma biliyoyin naira sukan kwanta a Abuja saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Dokar haƙƙin yara ta fito tun 2003, jihohinmu suka yi ta jan ƙafa, Kano sai a 2023 ta sa hannu a kan tata. A 2023 ɗin aka kafa hukumar kula da almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Wa ya taɓa zuwa wurin ɗan majalisar mazaɓarsa ya tambaye shi nawa aka sa wa abincin tamowa a kasafin bana, kuma nawa aka saki? Sawa daban, saki daban, kuma a tsakaninsu ne yara suke mutuwa.

Masu tarihi sun ruwaito cewa Sayyadina Umar ya yanka wa yara wani kaso daga baitulmali, amma sai wanda aka yaye. Wani dare ya ji jariri yana ta kuka, ya bincika, ya tarar uwar tana gaggawar yaye shi ne don ya shiga cikin masu samu. Da gari ya waye ya canza dokar, ya ce daga ranar haihuwa. Shi da kansa yake zagayawa ya ji. Shugabanninmu na yau suna bayan katanga da gilashin mota, kukan ba zai kai gare su ba sai wani ya ɗauka ya kai, da ladabi, da hujja a takarda, kuma ya koma gobe idan ba a saurare shi yau ba.

Na biyar, kuma a taƙaice: mutunci da amana.

Ku daina jera marayu da leda a hannu kuna ɗaukar hoto kuna sawa a Facebook. Yaron nan zai girma, hoton yana nan, abokansa za su gani. Idan masu bayarwa suna son shaida, a nuna musu rasit da littafin lissafi. Kuma littafin ya kasance a buɗe: abin da ya shigo, abin da ya fita, sa hannun mutum biyu ko uku kafin a taɓa asusu, a karanta wa jama'a duk bayan wata uku. Ƙungiya ɗaya da ta ci dukiyar marayu takan sa mutanen gari su rufe aljihu ga sauran goma masu gaskiya.

Roƙona gare ku kafin in zauna. Kowane masallacin unguwa da ke da wakili a nan, liman da mai unguwa da mata biyu masu hankali su zauna cikin wannan mako su rubuta gidajen da aka yi rasuwar maigida a shekara biyun nan, da gidajen 'yan gudun hijira, a asirce, ba tare da shela ba. Sannan a nemi masu hali su ɗauki gida ɗaya ɗaya na shekara guda cur, abinci da makaranta da magani. Matasa kuma ku nemi kwafin kasafin kuɗin jiharku, ku duba layin lafiyar yara da na ilimi, ku nemi ganin ɗan majalisarku kafin a zartar da na baɗi.

  Na san a cikin ɗakin nan akwai waɗanda suka fi ni daɗewa a wannan aiki, musamman iyayenmu mata, kuma ina so a fara ba su dama. Mai tambaya ko gyara ko ƙarin bayani, bismillah.